Alewar Ƙaramar Tukunya

Ƙarfi, ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanwata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da Malam Abdussamad da sauran yara. Yaya ɗinkin? Na ji har yanzu ba ki iya miƙewa sosai. Ki bi maganar likita, kada ki ce za ki hau mota daga Funtua zuwa nan da cikin da aka tsaga kwana goma sha biyu da suka wuce. Na san halinki, shi ya sa na fara da wannan.

Tun da waya ta ɗauke a yankin nan sai takarda. Malam Awaisu direba ya ce zai riƙa kai mana, ki ba shi amsa in zai juyo.

Jikin Innarku sai a hankali. Asibiti sun sallamo ta, sun ce a ci gaba da magani a gida, kin kuwa san ma'anar wannan. Ƙafafun sun kumbura, kwana huɗu ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa da kunu cokali biyu. Yau kwanana goma sha tara a gidan nan. Na bar ajina a Maska, na bar gonar waken da ban gama roro ba, na zo jinyar matar da ba ta magana da ni.

Kada ki ce mini al'ada ce, na sani. Ni ce 'yar fari, ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Mero, ƙanwar Baffa, ta tafi da ni Maska. Shekarata arba'in da bakwai, Innarku ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba. Na ga uwaye da yawa masu kunyar ɗan fari, amma in tsufa ya zo sukan sassauta. Ita ko kusa. Ni ke ɗaga ta, ni ke wanke ta, amma in tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A miƙo ruwa." Jiya kuwa sai ta dubi kaza ta ce mata filo ya zame.

To ga dalilin takardar. Ɗazu da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce da bangon nata, "Da za a samu mai dafa alewar tsala." Shi ne abu na farko da ta nema da bakinta tun zuwana. Ni kuwa ban iya ba. Ku da kuka tashi a gindin murhunta ku aka koya wa, ni ko muciyar ba a taɓa ba ni na riƙe ba. Ki rubuto mini yadda ake yi dalla-dalla, kada ki tsallake komai don kina ganin kowa ya sani.

Ki gaida Malam. Ki shafa mini kan yarinyar.

Yayarki,
Hajo.

*

Funtua, ranar Laraba.

Yaya Hajo tawa,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ina kuka, surukata tana yi mini faɗa wai kuka na ƙafar da nono. Muna lafiya. Ɗinkin ne dai gefe ɗaya yake ruwa, an hana ni ko tsakar gida in share. Yarinya ta ci sunan Inna, muna kiranta Amatullahi don kada a riƙa ambatar sunan a gaban manya. Sannu da ɗawainiya, Yaya. Allah ya saka miki, ya sa a mizani.

Wai yau Malama Hajo mai jan biro ce ke neman darasi wurin auta. To ki gyara zama.

Da farko kada ki sayi nonon kasuwa, rabinsa garin madara ne da ruwa. Ki je wurin Adama ta bayan masallaci, har yanzu tana da saniya biyu masu tatsa. Ki ce tsala kike so, wadda aka kaɗa aka cire man a ranar, ki sayo man shanun tare, ɗanye, ba soyayye ba. Tsala gwangwani biyu, farin sukari gwangwani huɗu, man shanu ludayi guda.

Ki jiƙa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa, ki tace ruwan ki zuba a tsalar tun kafin ta ga wuta. In kin manta da wannan, nonon zai tsinke ya zama ruwa daban, gudaji daban. Ki ɗauki babbar tukunya ko da kin ga abin kaɗan ne, don in ya ji zafi kumfa yake yi ya taso har baki. Wuta kuma ta kara ko ta ƙananan itace, ba irin wadda kike hura wa tuwo ba. Ki yi ta juyawa da muciya, kada ki tafi ko amsa sallama.

In ya fara kauri ya yi kalar ƙasa-ƙasa, ki ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwan sanyi. In ya watse, da saura. In kin tattara shi da yatsa ya dunƙule da laushi, sauke maza. Ki bari ya sha iska kaɗan, sannan ki buga shi da muciya har ƙyallin ya mutu. Nan ne hannu ke gaya wa mutum. Ki juye a tiren da kika shafa wa mai, ki yanka tun bai sandare ba. Haka muke yi wa Inna ta sayarwa duk jajiberin kasuwa, har na haddace ƙamshin.

Yaya, maganar bango kuma, ki yi haƙuri. Inna mutuniyar da ce, a rugar da ta tashi ko ɗan fari ya faɗi a gabanki ba ki ɗaga shi in da mutane. Ba ƙi ba ne. Ni dai na san ba ƙi ba ne, ko da yake ba ni da abin da zan nuna miki.

Ki gaya mata Zakiyya na gaishe ta, ina nan tafe da zarar an sake ni. Ki gaida Yaya Murtala da iyalinsa.

Ƙanwarki,
Zakiyya.

*

Ƙarfi, ranar Lahadi.

Zakiyya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ɗinkin ya bushe. Allah ya raya Amatullahi.

Sau uku na ɗora tukunyar nan. Ta farko na manta kanwar da kika ja mini kunne a kai, ta tsinke, na zuba wa awaki. Ta biyu na je juya Innarku don ta yi tari, kafin in dawo ta kama, ƙauri ya cika gida har matar Murtala ta leƙo ta katanga tana tambayar ko gobara ce. Ta uku ta yi. Wallahi ta yi, Zakiyya. Ta dunƙule a ruwa yadda kika ce, na buga har kafaɗata ta riƙe, na yanka ta gida-gida. Adama ta ɗanɗana ta ce ko hannun Inna sai haka. Ni da girmana na ji daɗi kamar yarinya.

Na jera a faranti mai fure, na wanke hannu, na kai mata. Na ɗaga ta na jingina da filo. Ta dubi farantin, ta ɗauki guda ta juya shi gaba da baya, ko baki ba ta kai ba. Ta mayar, ta ture farantin da bayan hannu, ta ce da bango, "Ba ita ba ce."

Na tsaya riƙe da faranti ban san inda zan sa kaina ba. Na ce, "Inna, yadda Zakiyya ta rubuto haka aka yi." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai da la'asar ta ce a miƙo buta.

Ke kika ce ba ƙi ba ne. To mene ne? Alewar ita ce, hannun da ya yi ta ne ba shi ba. Da ke kika kawo, ko ƙonanniyar ce da ta lasa ta sa miki albarka. Ni ban zo neman godiya ba. Abu ɗaya na sa a rai tun da na ga jikin nan ba na tashi ba ne: kafin ta tafi ta yi mini wani abu guda, ko kalma ce ko kallo, da zan riƙe in ce ni ma uwa ta haife ni. Goggo Mero ta riƙe ni da amana, Allah ya jiƙanta, amma shekara takwas ke nan da rasuwarta. Mijina ya bi ta. In wannan ma ta tafi a haka, ban san me zan ce na taɓa samu a wurinta ba.

Na gaji, zuciyata ta yi baƙi. Na gaya wa Murtala ranar Juma'a zan koma Maska. Matarsa ta iya jinya, kuma ita ana kiran sunanta. Na san za ki ce mai barin uwa a wannan hali ba ta kyauta ba. Ki faɗa, ba zan musa ba.

Alewar tana cikin ledar da Malam Awaisu zai ba ki, ki raba wa yara.

Hajo.

*

Funtua, ranar Talata.

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, ina kuma roƙonki don Allah, don darajar Baffa da ke kabari, kada ki tafi ranar Juma'a. Da ina iya tsayuwa da ni ce zan zo in tare ƙofa. Jiya na gwada ɗaura zani in fita, jini ya ɓalle, Malam ya rantse in na sake sai ya kulle ɗakin.

Yara sun cinye alewar, har suna faɗa a kan garin da ya rage a leda. Ba abin da ya same ta, irin tamu ce sak ta kasuwa. Shi ya sa na yini ina juya maganar nan ta "ba ita ba ce", sai can wani abu ya faɗo mini. Ko dai ta ƙaramar tukunya take nufi?

Ke ba ki san ta ba tunda ba kya nan. Bayan an gama ta sayarwa, duk ranar Laraba ta farkon wata Inna takan kore mu daga madafa ta ɗauko wata 'yar tukunyar ƙasa da take ajiyewa a ƙarƙashin gado. Ita wannan ba ta sa farin sukari, mazarƙwaila take sa wa, wadda Baffa ke sayowa daga Danja. Baƙa-baƙa take fitowa, mai laushi. Ba ta yanka ta da wuƙa, dunƙulawa take yi ɗaya-ɗaya, ta danna babban yatsanta a tsakiyar kowace, ta naɗe a bawon masara. Ko ƙanzon ba ta ba mu. Na taɓa sa yatsa a tukunyar, dukan da na sha ranar har yau ina tunawa, ni da ba a dukana.

Ta Goggo Mero ce. Baffa ke kai mata Maska a keke, bayan ya rasu kuma sai a ba masu zuwa cin kasuwa. Da Goggo ta rasu Inna ta daina, ban ƙara ganin tukunyar ba. Ina jin tsohuwar ƙawarta take tunawa, kin san mai jinya da tune-tune.

Matsalar ita ce ban san awonta ba, ban kuma san ɗanɗanonta ba, ba wanda ya taɓa ci a gidanmu. Amma ke da kika zauna da Goggo, ko kin taɓa ganin irinta? Ki duba ƙarƙashin gadon. Ki gwada wannan ɗaya tak, in ta ture, ba zan ƙara tsayar da ke ba.

Ki yafe mini in na faɗi abin da ya ɓata miki.

Taki,
Zakiyya.

*

Ƙarfi, ranar Asabar.

Ƙanwata Zakiyya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ban tafi ba.

Na karanta takardarki a zaure, a tsaye, sai da na nemi dakali na zauna. Zakiyya, Goggo Mero ba ta shan zaƙi. Ciwon sukari gare ta tun ina firamare, ko shayi ba ta sa wa komai. Alewar nan mai shaidar yatsa ni ke cinye ta. Duk wata Goggo takan ciro ƙullin bawon masara daga cikin kwalla ta ce, "Ga alewarki ta zo." In na tambaya daga ina, sai ta ce wata mata ce ke yi a Danja. Na yi aure tana aiko mini, na haihu tana aiko mini. Da ta rasu alewa ta yanke, na ce ai mai sayo mini ce ta tafi. Har Danja na taɓa zuwa ina tambayar mai alewa da yatsa, aka yi ta kallona.

Shekara kusan arba'in ina sa harshena a gurbin yatsan nan, don nan man ke taruwa. Ban san yatsan wa nake lasa ba.

Tukunyar tana ƙarƙashin gadon, an kife ta a kan tsumma. Da na jawo ta Inna tana kallon bango, amma na ga hannunta ya damƙe bakin mayafi. Na aiki Murtala ya nemo mazarƙwaila. Ranar Alhamis da hantsi na kafa duwatsu uku a ƙofar ɗakinta, na ɗage labule, na ce da tukunyar da ƙarfi, "To, ni dai ban san awo ba, bakina kawai ya san ki."

Na zuba tsala da ruwan kanwa, na farfasa mazarƙwaila a ciki. Na ɗebo man shanu ludayi guda, sai na ji murya daga ɗaki, siririya: "Tukunyar nan ludayi biyu take ci." Na ƙara. Can ta ce, "Tukunya, a ce da mai juya ki ta janye itace ɗaya." Na janye. Ta ce a sa gishiri ɗan tsunkule, a jefa kanumfari uku a tsame su kafin ya yi kauri. Da na ɗauko ƙoƙon ruwa zan gwada, ta ce, "Wannan ba a gwada ta a ruwa. In ta fara numfashi da ƙyar ta yi." Na kasa kunne, sai kuwa ga ta tana huci ɗaya-ɗaya, na sauke. Haka muka yi ta yi, ita tana gaya wa tukunya, ni ina amsa wa tukunya. Tun da nake ban taɓa doguwar hira da ita irin wannan ba.

Da ta huce na dunƙula guda goma na kai mata a tire. Ta fito da hannu daga mayafi, ta danna yatsa a ta farko, ta biyu, har ta bakwai. Nan hannun ya gaza, ya zauna a kan tiren. Na ɗauki guda na kai bakinta, sai ta kau da kai. Na ce a raina shi ke nan, an kuma.

Sai ta ce da bango, "Ba mai ciwo aka yi wa ba. Ana ta aikawa, ana ta aikawa, ba a taɓa ganin ana ci ba."

Na zauna a ƙasa a gaban gadon na ci. Ita ce, Zakiyya, har ɗan ɗacin nan na ƙarshe. Ina ci hawaye na shiga bakina. Ta ja mayafi ta rufe fuska kamar kullum, amma ta bar ido ɗaya a waje, kuma ba bango yake kallo ba. Da na gama ta ce, "A ƙara." Na ƙara. Sai da na ci uku sannan ta rufe idon.

Ita ba ta ci komai ba. Jiya ma kunun cokali ɗaya ta karɓa, yau ko shi ta ƙi. Numfashin ya canza. Na gaya wa Murtala ya daina zuwa gona mai nisa. Ina jin haushin shekarun nan da aka bari suka wuce a banza, ina jin haushin Goggo da ta riƙe amanar har kabari, ina jin haushin kaina da na kusa hawa mota jiya. Ban san wanda zan kai wa ƙara ba.

Ki yi mata addu'a. Ki daure ki zauna inda kike.

Yayarki,
Hajo.

*

Ƙarfi, ranar Litinin.

Zakiyya,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Innarmu ta rasu jiya bayan azahar, kanta a kan cinyata. An kai ta kafin la'asar, kusa da Baffa. Ta cika da kalmar shahada. Sai haƙuri, ƙanwata.

Za ki so ki tambaya, to ba ta kira sunana ba. Na kasa kunne har ƙarshe.

Cikin bakwai ɗin da ta danna wa yatsa na ci uku a gabanta, saura huɗu. Ga biyu nan a bawon masara, ke ma ki san ɗanɗanonta, kin sha duka a kanta. Biyun na riƙe. Ukun da hannunta bai kai gare su ba suna nan a tire, na ɗaga yatsana a kansu ya fi sau goma na kasa.

Tukunyar zan tafi da ita Maska bayan addu'ar bakwai. In Amatullahi ta yi haƙora ki gaya mini. Zan kawo da kaina, in zauna in ga tana ci.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙurin rashinta.

Yayarki,
Hajo.